Wasiƙa daga Landan: a nan ma ana rusau

Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan kowa lafiya. Tun 2023 da aka rushe shagunan Filin Idi da ginin Daula a Kano, duk wanda muka yi waya sai ya tambaye ni wai Turawa ma suna irin wannan? Na amsa har na gaji, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya karanta, in da hali kuma in taɓo maganar sanyi da kuɗin haya.

E, ana yi. Akwai wata unguwa a kudancin Landan, Elephant and Castle, ta nan bas ɗina yake bi in za ni Peckham sayen doya da manja. Da can akwai benaye na ƙaramar hukumar Southwark da ake ce wa Heygate, an gama su 1974, gidaje sama da 1,200, yawanci masu ƙaramin ƙarfi ne a ciki suna biyan haya mai sauƙi. A 2010 hukumar ta yi yarjejeniya da Lendlease, wani kamfanin Ostareliya, daga 2011 zuwa 2014 aka share wurin tas. Fam miliyan 50 aka sayar da filin, alhali abin da hukuma ta kashe wajen kwashe mutane kaɗai ya haura miliyan 40. Yanzu in ka je wallahi wurin ya yi kyau, ga bishiyoyi ga wurin wasan yara, gidajen sun ninka na da, amma waɗanda ake biyan haya irin ta da a cikinsu ba su kai 100 ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne takarda. Ƙa'idar hukumar ita ce kashi 35 cikin ɗari na sababbin gidaje su zama masu rangwame, sai kamfani ya kawo takardar lissafi yana nuna in ya yi haka ribarsa ba za ta fita ba, aka sauko zuwa 25, ita kuma takardar aka ce sirrin kasuwanci ce ba mai ganin ta, sai da mutanen unguwa suka yi kusan shekara uku suna bin ta har gaban alƙali kafin ta fito. Shi kansa rangwamen a Ingila yana iya nufin mutum ya biya har kashi 80 cikin ɗari na kuɗin hayar da ake biya a gidajen da ba na rangwame ba, to ina mai shara ko mai gadi zai samu wannan? Waɗanda suka riga suka sayi gidajensu a benayen an ba su diyya, amma ba ta isa su sake saye a unguwar ba, da yawa sai bayan gari, wasu ma sun bar Landan ɗungurungum. Duk bisa doka aka yi, an yi taro, an turo wasiƙu, amma dai an raba mutane da maƙwabtansu na shekara talatin.

Kasuwar unguwar ma an rufe ta a 2020, wani kamfanin daban ya karɓa, 'yan kasuwa da yawa mutanen Kolombiya ne, wasu an ba su wuri wasu ba su samu ba.

Shi ya sa in aka zo muku da maganar gwamnati za ta haɗa kai da ɗan kwangila a sabunta kasuwa, kada hoton ginin ya ɗauke muku hankali. Shugabannin kasuwa su nemi ganin yarjejeniyar tun katafila ba ta iso ba, shago nawa za a gina, nawa ne na tsofaffin masu wurin, haya nawa, a ina za a zauna kafin a gama, duk a rubuce da sa hannu, kowa kuma ya adana rasit ɗinsa.

Sanyi ya shigo, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi. Maganar haya sai wani jiƙon. A gaida mutanen gida.