Asabar a Birnin Kebbi: Ƙura, Zafi da Wasan Harbi

Yau Asabar, Afrilu ya raba tsakiya, kuma tun da hantsi iskar da ke shigowa ta taga ta riga ta ɗumama. Da rana zafin Birnin Kebbi a wannan wata yana haura digiri 40. Takardar da ke zuwa cikin kwalin na'urorin gem na Sony, PS4 da PS5, kuwa cewa ta yi a kunna su tsakanin digiri 5 zuwa 35. Ke nan duk wanda ya kunna gem da azahar a garin nan ya riga ya wuce iyakar da Sony ta gindaya tun kafin ya danna komai.

Wasan ƙwallo yana rufa wa na'ura asiri, wasan harbi ba ya rufawa. PS4 ɗin da aka kawo ɗakin gem ɗinmu na Badariya da safen nan wata da watanni ana buga ƙwallo a kanta lafiya lau. Jiya aka saka mata Call of Duty: Black Ops III, ba a yi minti ashirin ba fanka ta ɗauki kuka, fitilar gaba ta koma ja, saƙo ya fito cewa ta yi zafi da yawa. Yaron da ya kawo ta ya ce, "Yaya, mi ya same ta? Ko wanga faifai ne bai da kyau?" Faifan lafiyarsa ƙalau. Hayaƙi da fashe-fashe da mutane goma suna gudu a fili ɗaya sun fi matsa wa injin da ke sarrafa wasan lamba, shi kuma hanyar numfashinsa a toshe take.

Siririyar ce, Slim ta 2016, don haka buɗe ta ba wuya. A kashe ta gaba ɗaya, a zare wayar wuta, a ba ta minti goma ta huce. Murfin sama ba shi da ƙusa ko ɗaya: a ɗaga kusurwoyin gaba biyu da yatsu har su yi ƙas, sai a ja shi baya. Fanka na nan a fili. Amma ƙurar da ke kan fuka-fukan fanka ba ita ce babbar matsala ba. Bayan fankar akwai jerin siraran ƙarafa da iska ke ratsawa ta kwashe zafi, a bakinsu ne ƙurar hunturu ke taruwa ta dunƙule ta zama tabarma. Kaiwa gare su sai an kwance farantin da ke sama da sukudireba mai bakin tauraro, Torx T8 mai rami a tsakiya, da ƙaramar mai bakin gicciye. Ƙusoshin ba tsawonsu ɗaya ba, a jera su a kan takarda yadda aka ciro su, don doguwa idan ta shiga ramin gajeriya tana iya taɓa allon da ke ƙasa. Busasshen buroshin haƙori ya isa. In za a hura iska, a dafe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa fiye da ƙima. A kuma leƙa akwatin wutar da ke baya, kyankyasai na son ɗumin wurin, kuma gawar guda ɗaya ta isa ta haɗa wuta.

An share, an mayar, kukan ya ragu amma bai tafi ba. Wannan alama ce ta cewa man da ke tsakanin injin da ƙarfen sanyaya shi ya bushe. Aikin ya fi na farko nisa, sai an ciro allon gaba ɗaya. A goge tsohon man da auduga da sinadarin isopropyl mai ƙarfin kashi 90 zuwa sama, a ɗiga sabo gwargwadon ƙwayar wake a tsakiya, irin su Arctic MX-4. Ƙusoshi biyun da ke danne injin a ɗaure su bi da bi, kaɗan nan kaɗan can, don man ya bazu daidai. Ban yarda da man goge baki da wasu masu gyara ke shafawa ba, kwana kaɗan yake bushewa. PS5 kuma kada kowa ya gwada mata wannan, narkakken ƙarfe ne a cikinta ba mai ba, ɗigo ɗaya a kan allo ya gama da ita. Ita a cire murfin gefe a zuƙe ƙura ta ramukan da aka tanada, shi ke nan.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya aka ɗauke wuta. Wannan yana cikin abubuwan da ke lalata ma'ajiyar PS4, don faifai ne mai juyawa, kuma wasan yana rubutu a kansa a kai a kai. In wuta ta yanke ana tsakiyar rubutun, daga baya sai ka ga wasa yana fita da kansa da lambar CE-34878-0, ko ya tsaya cak wurin lodi. Maganin farko: a danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa bakwai har a ji ƙara ta biyu, a haɗa hannun gem da wayar USB, a jerin da zai fito a zaɓi na biyar, Rebuild Database. Ba ya goge wasa ko ci gaban da aka ajiye. Na shida da na bakwai su ne masu share komai, a kula da yatsa. Kuma fitila mai ruwan lemo ba kashewa ba ce, barci take yi, zare mata waya a haka daidai yake da ɗauke wuta.

Lissafin inbata kuwa mai sauƙi ne. Slim tana cin kamar wat 80 a cikin wasa, talabijin inci 32 kamar wat 50, jimla 130. Batir mai 12V da 200Ah yana ɗauke da wat-awa 2,400, amma rabi ake ci in ana so ya yi ƙarko, inbata ma ta ci nata kason, abin da ya rage bai fi 1,000 ba. Awa bakwai da wani abu ke nan. A ɗora PS5 mai cin kusan wat 200 da babban talabijin, sai ya dawo awa uku da rabi. Na'urar tana karɓar wuta daga 100V zuwa 240V, don haka ƙarancin wuta bai cika damunta ba, hawa da saukar ƙaramin janareta lokacin da mai ya kusa ƙarewa shi ne abin tsoro.

Bayan azahar aka koma kan hannuwan gem, kuma nan ne aikin ya fi cin lokaci. Gwajin ba ya buƙatar komai: a shiga wasa, a ajiye hannun a kan tebur, a zuba wa allo ido. In bakin bindiga yana zamewa gefe shi kaɗai, ko sojan yana takawa ba wanda ya taɓa, analog, wato sandar da ake juyawa da babban yatsa, ya fara ci. A ƙarƙashin kowace sanda akwai ƙananan ma'aunai biyu masu zoben gawayi, ɗaya na hagu da dama, ɗaya na sama da ƙasa. Gogayya tana cinye gawayin, ƙura da zufa su shiga, sai ma'aunin ya daina komawa tsakiya. Analog ɗin hagu ya fi saurin mutuwa a wasan harbi, saboda shi ake dannawa ƙasa a duk lokacin da za a ruga da gudu, kuma ana dannawar ne yana karkace. A ƙwallo ɗan zamewar nan ba wanda zai lura. A harbi kuwa, mutum yana nesa, kansa bai fi ɗigon biro a allo ba, zamewar ta isa ta sa harsashi ya bi iska.

Mataki na farko a cikin wasan yake. A Call of Duty: Modern Warfare na 2019 akwai Deadzone, wato ɗan motsin sanda da wasan ke ƙyalewa, yana zuwa a 0.05. A riƙa ɗaga shi kaɗan kaɗan har zamewar ta tsaya, a ƙara mataki ɗaya a kai. In sai an kai 0.20 kafin ta tsaya, an rasa saiti mai laushi, gyara ya wajaba. Ƙusoshi huɗu ne a bayan DualShock 4, hannun PS4. A buɗe a hankali, akwai siririyar waya mai faɗi da ta haɗa bayan da allo, fizga ɗaya ta tsinke, caji ya tsaya. A ɗiga isopropyl a gefen ma'aunin, a juya sandar zagaye sau da yawa, a bari ya bushe. Wannan yana sayen 'yan makonni. Gyara na gaskiya shi ne canza analog ɗin ɗungurungum, ƙafafu 14 ne ake narkar wa dalma, kuma masu gyaran waya na babbar kasuwa suna iyawa in an kai musu kayan. Akwai sabon samfuri mai aiki da maganaɗisu, ba ya gogayya, ya fi tsada amma ya fi dacewa da ƙurarmu. Sai dai bayan an saka shi yana buƙatar a daidaita tsakiyarsa a kwamfuta.

Hannun jabu ya cika kasuwa, kwalinsa ma ya fi na asali sheƙi. A hannu za ka gane shi: ya fi sauƙin nauyi, R2 ba ta da zurfi, sandar kuma daga tsakiya sai ta yi tsalle zuwa gefe babu tsaka-tsaki. Ga wanda ke da na asali samfuri na biyu, mai ɗan layin haske a saman wurin shafawa, akwai zaɓi a saitin PS4, a Devices, Controllers, Communication Method, a mayar da shi Use USB Cable. A ɗakin da hannuwa da yawa da wayoyin mutane ke ta watsa sigina, waya ta fi tabbas.

Da la'asar samari suka fara shigowa, ɗaya ya ce saitinsa yana jinkiri a talabijin ɗin kusurwa. Gaskiyarsa. Call of Duty yana fitar da hoto 60 a daƙiƙa, wato sabon hoto kowane milisakan 16.7. Talabijin da ke ƙawata hoto kafin ya nuna yana iya riƙe shi har kusan milisakan 100. Ka ga mutum, ka danna, ashe wanda ka gani ya riga ya gusa. A shiga saitin hoto a kunna Game Mode, a kashe abin santsin motsi, wanda LG ke kira TruMotion, Samsung kuma Auto Motion Plus. A wasu talabijin saitin na kowace kafar HDMI daban ne, in aka sauya kafa sai an sake. God of War na 2018 da GTA V da Uncharted 4 suna tafiya a hoto 30 a PS4 ta gama-gari, shi ya sa wanda ya taso daga kansu zuwa harbi yake jin hannunsa ya yi masa sauri.

Sabon shiga kullum saurin juyawa yake kaiwa ƙarshe, wai haka gwanaye ke yi. A ma'aunin 1 zuwa 20, 5 ko 6 ya wadatar, a zauna a kai mako biyu ba a taɓa ba. A sauya jerin maɓallai zuwa Tactical, durƙuso ya koma kan sandar dama, babban yatsa ya daina barin saiti. A kashe Motion Blur. Sauran a hannu yake: bakin bindiga ya tsaya daidai ƙirjin mutum tun kafin a sha kwana, ba yana kallon ƙasa ba. Ƙaramin gyaran saiti da sandar hagu ake yinsa, a taka gefe, ta dama ta yi babban juyi kawai. Daga nesa a saki uku-uku ko huɗu-huɗu, ana ɗan jan sandar ƙasa don bindigar tana ɗaga baki. Ɗura harsashi kuma sai an sami bango.

Batun intanet shi ne wanda ba a iya gyarawa da sukudireba. Manyan kwamfutocin wasan (saba) da ake haɗa mu da su a Turai suke ko Afirka ta Kudu, don haka jinkirin yakan wuce milisakan 100 ko layin yana da kyau. Layukan waya kuma suna raba adireshi ɗaya ga mutane da yawa, shi ya sa NAT, ma'aunin buɗewar layi, ke yawan fitowa Type 3, a wasa a ga Strict, neman abokan karawa ya yi ta ja. Abin da ke hannun mutum shi ne ya haɗa rauta da na'ura da wayar LAN, ya hana kowa kallon bidiyo a layin. Wasan kansa ba ya cin data sosai, sabuntawa ce ke lashe gigabayit gommai a zama ɗaya. Mai sayen faifai ma ya bincika: na Modern Warfare II na 2022 abin da ke kansa bai kai megabayit 100 ba, sauran duk saukewa ne, Black Ops 6 na 2024 kuwa ko labarinsa ba a bugawa sai da intanet. Ga gari irin namu Black Ops III na 2015 ya fi amfani, mutum biyu su raba allo, su cika fili da sojojin kwamfuta ko su shiga Zombies, ba data ko ta sisi.

Bayan isha'i aka rage sauti, aka raba abin kunne. Kafarsa tana ƙasan hannun gem, ta 3.5mm, irin ta waya. Takun abokin gaba ya fi fitowa a ciki, har ka san ta hagu yake tafe ko ta dama. Ban da haka, a zamanin nan ƙarar harbi da dare daga lasifika ba abin da za a yi wa maƙwabta ba ne. Yara biyu da suka leƙo an mayar da su kan ƙwallo, lambar shekara 18 da ke jikin kwalin wasan harbi ba ado ba ce.

Wurin rufewa, kowace na'ura a kashe ta da Turn Off PS4, a jira fitila ta daina ƙiftawa ta mutu sannan a kashe soket. Ƙyalle sai bayan ta huce ake rufa mata, kuma a cire shi kafin a kunna, da tazarar santimita 10 tsakaninta da bango. Hannu ɗaya an ware shi gefe, bayansa ya ɗan taso, batirinsa mai 1,000mAh ya kumbura, ba za a sake sa shi a caji ba sai an canza. Gobe Lahadi za a aika kasuwa a nemo batirin da analog guda biyu, a kuma duba lambar samfuri mai farawa da JDM da ke jikin allon hannun kafin a saya, don soket ɗin batirin tsofaffin samfuri ya fi na sababbi girma.