Abin da hasumiyar Debunca ta koya mini

Jiya na miƙa makullin ofis, gobe zan kama hanyar Marwa. Shekara huɗu na yi, amma in aka ce in faɗi abin da na koya, sai zancen Debunca ya rufe sauran.

Aiki ne na awo da rahoto kawai. Hasumiyar fitilar jiragen ruwa ce da Jamusawa suka gina a 1904, can bakin teku a gindin Dutsen Kamaru, yamma da Limbe. Na auna, na zana, na ga bango ya yi baƙi da gansakuka, ƙarafa duk tsatsa ta ci su. Sai na rubuta shawara: a kankare bangon, a shafe shi da siminti mai kauri. Mu a Marwa ruwan shekara bai kai mita ɗaya ba, kuma duk wanda ya shafe gidansa da siminti cewa ake ya ci gaba. Debunca kuwa ruwanta na kai wa wajen mita 10 a shekara.

Ashe na rubuta hukuncin kisa ne ga ginin. Tsohon bango da aka ɗaure da farar ƙasa numfashi yake yi, ya sha laima ya fitar. Ka lulluɓe shi da siminti, ruwa ya shiga ta tsaga ya rasa mafita, gishirin teku ya taru a ciki ya riƙa rududdugar da shi. Ƙarfen da ke binne a bango kuma in ya yi tsatsa kumbura yake, ya tsaga abin da ke riƙe da shi. Abin haushin, na san wannan tun ina yaro. Kakana magini ne, ya sha faɗa cewa siminti a kan ginin ƙasa ɓawo ne, watarana zai ɓare ya tafi da naman bango.

Maigidanmu ya sa hannu bai karanta ba. A wurin taro wani dattijon injiniya ya tsaya a kan shafin, ya tambayi wanda ya rubuta. Maigida ya nuna ni da biro, ya ce, "A yi masa uzuri, ɗan arewa ne, bai san ruwa ba." Aka yi dariya. Zanen awon da aka yaba a taron kuwa, wanda na yi kwana tara ruwa na dukana kafin in haɗa, sunansa ne a ƙasa.

Masu shigowa wannan aiki, ku tambayi da me aka ɗaure gini kafin ku ce ga maganinsa. Ku ajiye kwafin zanenku. In an ce "na duba", ku tambayi wane shafi.

Rahoton da na gyara, mai shawarar farar ƙasa da gyaran magudanar ruwan sama, shi aka karɓa. Har yau maigida bai ce mini sannu ba.