Kwabon Kaka mai huji

Wallahi ba don ruwan bana ya zubar da bangon ɗakin Kaka a Ƙofar Sauri ba da ban ga gwangwanin nan ba, cike da anini da kwabo masu huji na zamanin Turawa. Akwai na 1936 da sunan Edward VIII, sarkin Ingilan da ya yi murabus a shekarar, wani kuma hujinsa ya karkace gefe har ya ci rubutu, shi na fi so gaskiya. Yanzu kwabon 1956 nake farauta mai sunan George VI alhali mutumin ya rasu tun 1952, kuskure aka yi wajen bugawa a Birmingham. Kaka tana kallona ta ce "kai dai ɗan nan ba ka da aikin yi."