Kafin ku sayi sitiyarin jirgi na ɗora wa tebur

A kusurwar ɗakin da nake ajiye kwamfutata akwai akwatuna uku waɗanda na daɗe ban buɗe ba. A cikin na farko akwai allon makunnai da aka ƙera shi kamar na ɗakin matuƙin jirgi, a cikin na biyu akwai wani ƙaramin allo na saita rediyo, na ukun kuwa yana ɗauke da totur mai hannaye da yawa, irin na jirgi mai injuna huɗu. Na saye su duka a shekarar farko da na fara kwaikwayon tuƙin jirgin sama a gida, a lokacin da ban iya sauke ƙaramin jirgi mai injin ɗaya a tsakiyar titi ba. Saboda waɗannan akwatuna nake rubuto muku, ƙannena, domin na ga da yawa daga cikinku sun kamu da son wannan harka, kuma tambayar farko da kowa ke yi ita ce wane kaya zai saya.

Son nan ba abin mamaki ba ne. Manhajar Microsoft Flight Simulator ta fara fitowa a 1982, lokacin da duniyar da ake gani a allo ba ta wuce 'yan layuka ba, amma wadda kamfanin Asobo na Faransa ya haɗa ta fito a 2020 tana jawo hotunan tauraron ɗan Adam da yanayin sararin samaniya na ainihi ta intanet, har mutum ya bi kogi ko hanyar mota da ido ya gane inda yake. Akwai kuma X-Plane, wadda Austin Meyer ya fara fitarwa a 1995, wadda ke rarraba fiffike gunduwa-gunduwa tana lissafa ƙarfin da iska ke yi a kan kowace gunduwa, sannan akwai FlightGear da ake samu kyauta. Duk wanda ya ga wannan dole ransa ya biya. Ni ma nawa ya biya, sai na yi gaggawa.

Kuskurena na farko shi ne na fara da babban jirgin fasinja. Na haddace jerin makunnan da ake taɓawa kafin a tayar da inji, na koyi shigar da hanya cikin kwamfutar jirgin, kuma da zarar ƙafafun jirgin sun bar ƙasa sai in miƙa ragama ga na'urar da ke tuƙi da kanta, in zauna ina kallon gajimare har ta kawo ni bakin titi. Na yi watanni a haka ina ganin na zama gwani. Ranar da na zauna cikin Cessna 172, ƙaramin jirgin nan mai kujeru huɗu wanda aka ƙera fiye da guda 44,000 tun daga 1956, kuma wanda makarantun tuƙi da yawa ke koyarwa da shi, sai na tarar ba zan iya tsayar da shi a tsayi ɗaya ba ko na minti guda. Hancinsa ya ɗaga in danna, ya nutsa in ja, haka muka yi ta lilo har na faɗa gefen titi.

Maimakon in zargi hannuna sai na zargi sandar tuƙin da nake da ita. Na ce ai jirgin gaske sitiyari gare shi, saboda haka na sayi sitiyarin da ake ɗaurewa a bakin tebur, daga nan totur ya biyo baya, sannan allunan da na ambata. Kaya suka cika tebur, lilon bai daina ba.

Abin da ban sani ba shi ne tirim, kuma a nan nake so ku dakata ku saurara da kyau, domin rashin saninsa ne ya ci mini kuɗi da lokaci fiye da komai. A jelar jirgi akwai wani faifai mai motsi sama da ƙasa, shi ne yake ɗaga hanci ko ya sunkuyar da shi idan matuƙi ya ja ko ya tura. A bayan wannan faifai kuma akwai wani ɗan ƙarami, wanda a Cessna ake juya shi da wata taya da ke kusa da gwiwar matuƙi, aikinsa shi ne ya ɗauke wa hannu nauyin riƙon. Jirgin da aka daidaita masa tirim yana neman komawa ga gudun da aka daidaita shi a kai: idan aka ƙara masa wuta sai ya hau, idan aka rage sai ya gangaro, amma gudun nasa ba ya sauyawa sosai. Matuƙin gaske yana jin nauyin a tafin hannunsa, sai ya riƙe sitiyarin a wuri ɗaya ya juya tayar har nauyin ya ɓace. Mu da muke zaune a gida ba mu da wannan ji, domin yawancin sanduna da sitiyarin da ake sayarwa sifirin ne kawai ke mayar da su tsakiya, ƙarfinsa kuma ɗaya ne ko jirgi na gudu ko yana tsaye. Don haka dabarar tamu ta bambanta. Za ka sa hancin jirgi inda kake so, ka jira gudun ya zauna, sannan ka riƙa taɓa tirim kaɗan-kaɗan kana sassauta hannu a hankali, har sandar ta koma tsakiya hancin bai motsa ba. Makunnai biyu kawai wannan aiki yake buƙata, kuma tsohuwar sandata tana da su a ƙarƙashin babban yatsana tun ranar farko. Da na gane haka, cikin mako guda lilon ya ɗauke.

Daga nan na koma inda ya kamata a ce na fara, wato zagayen fili. A Cessna 172 ana ɗaga hanci a gudun not 55, kowane not kuwa kilomita 1.852 ne a awa, ana hawa a wajen not 74, a kai tsayin ƙafa 1,000 sama da filin, a zagayo ta hagu, a gangaro wa titi a tsakanin not 60 zuwa 70. A gefen tituna da yawa akwai fitilu huɗu a jere: idan ka ga biyu farare biyu jajaye kana kan hanyar gangara daidai, wadda galibi digiri 3 ce, idan fari ya yi yawa ka yi sama, idan ja ya yi yawa ka yi ƙasa. Zagaye ɗaya ba ya wuce 'yan mintoci, amma a cikinsa akwai tashi da hawa da juyi da gangara da sauka. Na fi ƙaruwa a awa goma na wannan zagaye fiye da duk watannin da na yi ina ƙetare teku da na'ura. Da rarrafe yaro kan tashi, ni kuwa na so in fara da gudu.

Yanzu ga maganar kaya. Idan abu ɗaya za ku iya saya, ku sayi sanda mai ɗan totur a gindinta, wadda kuma ake murɗa wuyanta dama da hagu. Sanda tana tuƙa komai, ƙaramin jirgi da jirgin yaƙi da jirgi mai saukar ungulu, kuma jiragen fasinja na Airbus, tun daga A320, da sanda a gefe ake tuƙa su. Sitiyari yana da daɗi ga mai son Cessna ko Boeing, amma yana cin wuri, yana buƙatar tebur mai ƙarfi, kuma ba shi da amfani a jirgi mai saukar ungulu. Abin da ya fi siffa muhimmanci shi ne abin da ke cikin ciki yana auna motsin hannu. Wasu sanduna suna amfani da wani ɗan ƙarfe da ke goga a kan zoben gawayi, irin na makunnin ƙara sautin tsohuwar rediyo, kuma duk abin da ke goga yana cinyewa. Haka ta faru da wata sanda da na taɓa yi: bayan wani lokaci sai jirgi ya fara karkarwa shi kaɗai ko ban taɓa shi ba. Na shiga saiti na faɗaɗa wurin da sanda ba ta jin motsi a tsakiya don in ɓoye matsalar, sai na rasa ƙananan gyare-gyaren da sauka ke buƙata, na kuma koya wa hannuna fizga. Wasu sandunan kuwa da maganaɗisu suke aunawa, bisa abin da Edwin Hall ya gano a 1879, ba abin da ke taɓa wani balle ya cinye. Ku duba wannan a bayanin kaya kafin ku duba yawan makunnai da fitilu.

Abin da na jinkirta saye, alhali shi ya fi cancanta bayan sanda, shi ne fedar ƙafa. A tsaye a jelar jirgi akwai wani faifai da ke karkatar da hanci dama da hagu, da ƙafa ake sarrafa shi. Farfelar Cessna tana juyawa ta hannun agogo idan ka dube ta daga kujerar matuƙi, kuma wannan juyi tare da iskar da take murɗawa a jikin jirgi suna jan hancin zuwa hagu lokacin tashi, shi ya sa matuƙi ke danna ƙafar dama. Manhajojin suna da wani saiti da ke yi wa mutum wannan aiki, ni kuma na bar shi a kunne fiye da shekara ba tare da na san abin da yake ɓoye mini ba. Da na kashe shi, na kuma gwada sauka iska na bugowa daga gefe, sai na fahimci cewa rabin tuƙin ƙaramin jirgi a ƙafa yake. Murɗa wuyan sanda yana isar mai koyo, amma hannu ɗaya ne ke yin aiki uku, kuma da wuya ka murɗa ba ka karkata ba. Idan kun sayi feda ku kula da kujerarku, domin kujera mai taya takan gudu baya duk lokacin da aka taka birki, ita fedar kuma takan zame gaba idan ba a tokare ta da bango ba.

Sai maganar ido. Saboda allo ɗaya ne a gabana, kuma juya kallo da makunni yana da wahala, sai na saba da ƙura wa agogunan jirgi ido, ina bin allura maimakon in dubi inda hancin jirgi yake a kan layin da ya raba sama da ƙasa. Allura kuwa bayan abu ya faru take ba da labari. Na'urar bin motsin kai ce ta raba ni da wannan hali: ka ɗan juya kanka kaɗan, hoton ya juya da yawa, ka leƙa ta kafaɗa ka ga titi ka san lokacin juyi. TrackIR ce aka fi sani, amma akwai manhajar opentrack ta kyauta da ke aiki da kyamarar kwamfuta. Tabarau na shiga cikin hoto gaba ɗaya yana da ban sha'awa, sai dai yana neman kwamfuta mai ƙarfi, yana hana ganin makunnan da ke kan tebur, wasu kuma yana sa su jiri. Ku gwada na wani kafin ku yanke shawara.

A kan ita kwamfutar ma na yi tuntuɓe. Hoto yana tsinkewa a manyan filayen jirgi, sai na sayi sabon katin hoto, tsinkewar kuma ba ta ragu ba, domin nauyin yana kan firosesa ne, wadda ke lissafin iska da na'urorin jirgi da sauran jiragen da ke zirga-zirga. Manyan manhajojin nan suna da wurin da ke nuna wanne daga cikin biyun ne ya gaza, kuma da na duba shi na minti biyar da ban yi wannan sayayya ba. Ga tuƙin jirgin farar hula, hoto 30 a daƙiƙa wanda bai tsinkewa ya fi 60 mai hawa da sauka. Rage nisan da ake zana gine-gine da yawan jiragen da ke ajiye a fili ba ya cin ko sisi.

Akwai wani kuskure da har yau nake jin nauyinsa domin ya shafi wasu. A dandali irin su VATSIM, wanda aka kafa a 2001, mutane ne na gaske suke zama masu kula da zirga-zirgar jirage, don sa kai, suna magana da matuƙa ta rediyo bisa ƙa'idojin da ake bi a zahiri. Na shiga irin wannan dandali tun ban iya riƙe tsayi ba, a babban fili mai cunkoso, aka ba ni umarni ban fahimta ba na amsa da to, na juya inda ba a ce ba, dole mai kula da sararin ya karkatar da jirage biyu saboda ni. Ya yi mini magana cikin mutunci, amma na ɓata wa mutane uku yammacin da suka keɓe wa abin da suke so. Ku fara shiga a matsayin masu sauraro, ku rubuta abin da ake faɗa, ku zaɓi ƙaramin fili a lokacin da ba kowa, kuma idan ba ku gane umarni ba ku nemi a maimaita, domin matuƙan gaske ma haka suke yi.

Ga waɗanda a cikinku suke fatan wata rana su zauna a jirgin gaske, ku sani cewa kujerar ɗaki ba ta koyar da abin da jiki ke ji idan jirgi ya zame ko ya nutsa, kuma awoyin da kuka yi a gida ba sa shiga lissafin lasisi. Abin da take koyarwa da kyau shi ne tsari: karanta taswira, bin jerin dubawa kafin tashi, sanin yaren rediyo. Mugun halin da mutum ya koya shi kaɗai kuma sai malami ya sha wahala kafin ya cire shi, shi ya sa nake ba ku shawara ku nemi littattafan koyon tuƙi da hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka ke sakawa kyauta a intanet, ku karanta babin tirim da na sauka kafin ku koyi naku salon.

Yau abin da ke kan teburina sanda ce ɗaya mai maganaɗisu, da feda a ƙarƙashi da na tokare da katako, da ƙaramar kyamara a saman allo, da takardar da na rubuta gudun tashi da na sauka da hannuna. Allon rediyon nan mai yiwuwa in fito da shi nan gaba, domin yanzu da nake magana da masu kula da zirga-zirgar jirage na fara jin wahalar sauya tasha da linzamin kwamfuta a daidai lokacin da hannayena biyu suke aiki. Totur mai injuna huɗu kuwa zan bayar da shi ga wanda ke tuƙa irin wannan jirgi.