Kafin ka tura kuɗin ƙafafun tsalle

Ƙannena da ke ta turo mini hoton ƙafafun tsalle, waɗanda ake ɗaurawa a ƙafa su riƙa cilla mutum sama, a WhatsApp kuna tambaya ko ku saya, hoto ba ya nuna abin da kuɗinku zai saya. Mai araha da mai tsada duk siffarsu ɗaya: gangar alminiyam, matakin ƙafa, maɗaurin ƙwauri, sai lanƙwasasshen sifirin a baya da ya ƙare da kofaton roba. Wani Bajamushe, Alexander Böck, shi ya ƙirƙiro su, nasa kuma su ne Powerskip. Daga baya Poweriser da wasunsu suka fito, sannan kwaikwayo marasa suna suka cika intanet.

Irin marasa sunan na fara saya, don kuɗinsu bai kai rabin na masu suna ba. Araha ba ta ado, amma lokacin ban ji ba.

Kuɗin yana cikin sifirin. Ba ƙarfe ba ne, faiba ce, wato zaruruwan gilashi da aka daskarar da su da gam, kuma kowanne da nauyin mutumin da aka yi shi dominsa, kamar kilo 50 zuwa 70 ko 70 zuwa 90. Ni ban hau sikeli ba, na zaɓi wanda ya fi sauƙin kuɗi, alhali na fi ƙarfinsa. Idan na dira sai ya lanƙwashe har ƙarshe, bugun ya taho mini a gwiwa da ƙugu. Ba a jima ba ya saki, na hagu ya fi na dama laushi, ina tafe ina karkata. Da na leƙa ƙarƙashin baƙar robar da aka naɗe shi da ita, sai ga fararen zaruruwa sun tashi kamar gashin masara. Faiba idan ta fara haka ta gama. Kada wanda ya ce muku mai walda zai gyara, babu abin da wuta za ta kama a jikinta.

Sai gaɓoɓi. Masu kyau suna juyawa a kan boris ko bushin mai ƙwari. Nawa bushin roba ne, ƙurar hunturun Birnin Kebbi ta shige ta cinye shi, ƙafar ta riƙa girgiɗi tana ƙara. Notin ma laushi gare shi, sifana na kama shi kan ya murje. Kofato dai kowanne yana cinyewa a kan kwalta, wannan ba laifin kowa ba ne. Bambancin shi ne masu suna ana sayar da kayan gyaransu, ka kwance tsoho ka ɗaura sabo. Nawa sai tsohuwar taya mai faci ya yanka mini, wanda ya sayar mini kuwa ya daina amsa saƙo.

Ban ce mai araha ba shi da rana ba. Yaro marar nauyi da ke koyon tsayuwa da taku, zai ishe shi. Amma wanda ke son ya tashi mita guda sama, ko ya yi alkafura a gidan biki a biya shi, ya haƙura ya ƙara tari.

Kowanne za ka saya, hau sikeli tukuna. Tambayi mai sayarwa ko yana da sifirin da kofato na canji, da kuɗin kawo su har Kebbi. Ka kuma ware na hular kwano da makarin gwiwa da na wuyan hannu, don ranar farko ma sai ka faɗi.