Yadda na sha fama da notin mahaɗin kekena da ya kafe

Keken nawa na hawan dutse ne ɗan gwanjo, mai shokazoba gaba da baya, firam ɗin alminiyam. Bayan damina sai ya fara ƙara duk sanda na danna feda da ƙarfi, in na ɗaga sirdi kuma sai inji bayan yana wasa, nace to boris ɗin babban mahaɗin nan ne da ƙafar baya take juyawa a kai, bari in canza. Noti yace bai san zancen ba.

Farko na sace iskar shokazoba na cire shi gefe, don in yana nan yana tokare mahaɗin. Sannan na duba ko akwai ɗan ƙaramin noti mai kulle babban, don kekuna irin su Santa Cruz suna da shi, in baka fara cire shi ba ko zaka kwana kana murɗawa ba inda zaka je. Wasu kuma zaren hagu ne, kana ganin kwancewa kake ashe ƙara ɗaurewa kake. Nawa duk babu.

Abun da ya riƙe nawa kashi biyu ne. Akwai gam ɗin Loctite da ake shafawa a zare, sannan jikin notin alminiyam ne, zoben cikin boris kuma ƙarfe, in ruwa ya kwanta tsakaninsu sai wata farar tsatsa ta fito kamar garin alli ta manne su. Masu kai keke wajen wankin mota a fesa mai ruwa da inji, daga nan ake ɗaukota wallahi.

Gam zafi yake so, ba mai ba. Shuɗin Loctite, wato mai lamba 243, da ɗan zafi yake saki, jan Loctite kuwa sai wajen digiri 250 na Salsiyas, shi yasa ba'a sa shi a nan. Na aro ayan ɗin masu gyaran rediyo na ɗora bakinsa cikin ramin notin har ya ɗau zafi sosai. In firam ɗinka kabon ne kar ka kuskura ka kai mishi wuta, zai lalace kuma ba lallai ido ya gani ba. Tsatsar kuma na fesa WD-40, man feshin nan na sassauta tsatsa, na bari ya kwana, a ganina taimakonsa kaɗan ne amma ya fi babu.

Ramin alanki mai lamba 6 ɗin dama ya ɗan cinye tun hannun mai shi na farko, sai na samu bakin Torx, wato mai kai kamar tauraro, da ya ɗan fi ramin girma na buga shi ciki da guduma ya kama, na sa doguwar sifana na dinga danna a hankali ba fizga ba, sai naji ƙas, zare ya saki. Amma fa bai fito ba, yana juyawa ne tare da zoben boris. Sai na mayar da shi zagaye biyu don kar zaren ya mutu, na tokare firam da katako na dinga bugawa kaɗan kaɗan ta ɗaya gefen har ya zame.

Wajen mayarwa sabon noti na sa, giris a jikinsa inda yake gogar boris, ɗigon shuɗin gam a zare kawai, kar su haɗu don giris yana hana gam kamawa. Ƙarfin ɗaurin yawanci a rubuce yake a kan notin, shi na bi.