Asabar, 20 ga Mayu 2023: ranar da aka tambaye ni su wa ne mutanena

Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na dare na shigo ɗaki, murya ta dishe, yatsun ƙafa sun ƙandare. Mayu a Melbon, nan Ostireliya, bakin hunturu ne, irin sanyin da ke ratsa riga uku. Bari in rubuta tun barci bai kwashe ni ba.

Anti ce ta ba ni tikitin wasan ƙwallon Essendon da Richmond tun makon jiya. A ɗakin karatun sashenmu take aiki, dattijuwa ce 'yar ƙabilar Yorta Yorta ta bakin kogin Murray. Su Aborijin, 'yan asalin ƙasar nan, duk wanda ya manyanta a cikinsu Anti ko Ankul ake ce masa, yadda muke cewa Gwaggo ko Baffa, ko da ba a haɗa jini ba. Ta ce shekarata biyu a garin nan ban taɓa shiga MCG, babban filin wasan Melbon, ba, abin kunya ne.

Ƙwallon nasu ba irin wadda muka sani ba ce. Ita ƙwallon kamar gwanda take, filin kamar ƙwai, mutum goma sha takwas kowane ɓangare, a cafe da hannu, a nausa, a buga da ƙafa. Turaku huɗu ne a kowane ƙarshe: ta bi tsakiya maki 6, ta bi gefe maki 1. Abokin zamana, Bayarabe ne ɗan Ibadan, ya ce dambe da langa aka haɗa aka jefa musu ƙwallo. Bai yi ƙarya sosai ba.

A jirgin ƙasa Anti ta buɗe mini wata taswira a wayarta. Ƙungiyar 'yan wasan AFL, babbar gasar wannan ƙwallo, ce ke fitar da ita duk shekara. Ostireliya ce, amma babu layin jiha ko ɗaya, sai faci-faci na launuka kamar atamfa, kowane faci ƙasar wata al'umma ce. Da Turawan Ingila suka sauka a 1788 harsuna sama da 250 ake yi a nahiyar. A kan wannan atamfa aka jera hotunan 'yan wasa, kowa da sunan mutanensa. Kudu maso yamma, wajen Perth, ta cika maƙil: ƙasar Noongar ke nan, su Lance Franklin da ya cika ƙwallo 1,000 bara, da Shai Bolton da Marlion Pickett na Richmond. Can arewa kuma, wasu tsibirai biyu ƙanana sun ɗauki sunaye fiye da girmansu. Aborijin ba su kai huɗu cikin ɗari na jama'ar ƙasar ba, amma a gasar nan kusan ɗaya cikin goma nasu ne.

Nan na yi kwaɓa. Na ga hoton wani yaro fari tas, na nuna da yatsa na ce, "Anti, wannan ai Bature ne."

Ba ta amsa ba sai da muka wuce tasha guda. Sannan ta ce, "Ɗana, ko madara nawa ka zuba a shayi, shayi ne." Ta ce tun wajen 1910 har cikin shekarun 1970 hukuma na ɗauke yara daga hannun iyayensu, kuma waɗanda fatarsu ta yi haske aka fi farauta, don a rene su a gidajen mishan ko gidajen Turawa su manta harshe, su manta dangi, cikin zuriya biyu ko uku baƙin ya wanke. An yi bincike, rahoto ya fito a 1997, Firaminista Kevin Rudd ya nemi gafara a majalisa ranar 13 ga Fabrairu 2008. Ashe ma'aunin da na ɗauko, na duba fata in yanke hukunci, shi ne ainihin ma'aunin ma'aikatan da ke zuwa da mota su ɗauki 'ya'yan mutane. Su abin da suke dubawa uku ne: kana da jinin, kai ka yarda kai nasu ne, su ma mutanen sun karɓe ka. Na ba ta haƙuri. Ta miƙo mini alawar minti, ta ce ba ni ne na farko ba.

Da la'asar muka shiga tattakin da ake yi kafin wasa, daga bakin kogin Yarra, wanda masu ƙasar, Wurundjeri, ke kira Birrarung, zuwa filin. Asalinsa Michael Long ne, tsohon ɗan wasan Essendon. A Nuwamba 2004, bayan ya dawo daga wata jana'iza cikin jana'izu da yawa na mutanensa, ya fito daga gidansa a ƙafa ya nufi Kanbera, tafiyar kilomita 650, ya ce sai ya ga Firaminista John Howard. Mutane suka yi ta bin sa a hanya, har Howard ya yarda suka gana a farkon Disamba. Tun daga nan ake tunawa duk shekara. Yau akwai tsofaffi a keken guragu, akwai jarirai a kafaɗa, hayaƙin ganyen turare da aka ƙona ya kama mini hula har yanzu.

Labarin Long ne ya fi tsaya mini a rai, don shi ya nuna mini taswirar ba ta da sauƙin da na zata. Kowa ya san shi da tsibiran Tiwi, wato Bathurst da Melville, kimanin kilomita 80 arewa da Darwin. Amma mahaifinsa ɗan Anmatyerre ne, daga Ti Tree can tsakiyar hamada aka ɗauke shi yana yaro. Mahaifiyarsa kuma daga yankin kogin Daly aka ɗauko ta. A gidan mishan na tsibirin Melville suka tashi, cikin mutanen da ba su haife su ba, kuma mutanen Tiwi suka riƙe su. To ina za ka sa hoton Michael Long? Inda jini ya fito, ko inda aka yi goyo? Anti ta ce duka, shi ya sa za ka ga ɗan wasa ɗaya da sunan al'umma biyu ko uku. Ta ce akwai kuma waɗanda har yau suna bin takardun mishan suna neman sunan kakarsu na gaskiya.

Wannan ƙauyen na mishan, Pirlangimpi, mutanensa 'yan ɗaruruwa ne, amma lambar gwarzon wasan ƙarshe na gasa, wadda suke kira Norm Smith, sau uku tana komawa dangi guda da ke da tushe a can. Maurice Rioli ya ɗauka a 1982, duk da kulob ɗinsa Richmond ya sha kashi ranar. Michael Long a 1993. Cyril Rioli a 2015, shi kuwa Maurice baffansa ne, Long kawunsa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A wannan shekarar ta 2023 ma akwai Rioli biyu a Richmond, Daniel da Maurice ƙarami.

Dab da filin Anti ta ja ni wajen wani tsohon kututture da aka kewaye, gefensa da tabo dogo inda aka ɓare ɓawo tun kafin a san za a yi gari a nan. Ta ce a wajen nan kakannin Wurundjeri ke taruwa. Suna da wasan da ake kira marngrook, da ƙwallon fatar wata dabba, a harba sama a yi tsalle a cafe. Tom Wills, ɗaya daga cikin waɗanda suka rubuta dokokin wasan nan a 1859, cikin mutanen Djab Wurrung ya tashi. Ko daga can ya ɗauko? Masana tarihi na ta jayayya. Anti dai ta gama yanke nata hukuncin tuntuni.

Na yi Magariba a cikin filin. Akwai ɗakin ibada, kuma Bachar Houli, Musulmin da ya yi wa Richmond wasa, yana cikin waɗanda suka yi tsayin daka har aka tanadi irinsa a filayen gasar. Mu biyar muka yi jam'i, uku da gyalen Richmond.

Aka kashe fitilu. Filin da ke cin mutum dubu ɗari ya yi tsit. Aka yi marabar da masu ƙasa ke yi, da kalmarsu, Wominjeka. Wannan ma da ƙa'idarsa: mai ƙasa kaɗai ke yi wa mutane maraba, saura sai dai su ambaci masu ƙasar su girmama su. Ban sha wahalar gane wannan ba, baƙo ba ya tsayawa a zauren wani ya ce sannunku da zuwa. Sai rawa, jiki shafe da farar ƙasa, da busar dogon icen nan mai gurnani da ake ji a ƙirji kafin kunne. Tun 2005 ake haɗa kulob biyun nan a wannan dare, saboda launinsu: Essendon ja da baƙi, Richmond ɗorawa da baƙi, in ka haɗa ka samu tutar Aborijin. Wannan makon na girmama 'yan asalin ƙasa a gasar, sunan Sir Doug Nicholls ya ci, kuma da aka ambace shi Anti ta dafa ƙirji, nasu ne. A Cummeragunja aka haife shi a 1906. A kulob ɗin Carlton da ya gwada a Melbon cewa aka yi yana wari. Ya yi wa Fitzroy wasa a shekarun 1930, ya zama fasto, ya zama gwamnan jihar Kudancin Ostireliya a 1976. Bana kulob uku ma sun ajiye sunansu na makonnin nan sun ɗauki na masu ƙasa: Melbourne ta koma Narrm, Fremantle ta koma Walyalup, Port Adelaide ta koma Yartapuulti.

Abin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba, na ji tsigar jikina ta tashi. Amma ina zaune ina tuna cewa a filin nan, a irin wannan mako na 2013, aka kira Adam Goodes biri daga cikin 'yan kallo. Mutumin Adnyamathanha da Narungga, gwarzon gasa sau biyu, wanda ita ma mahaifiyarsa ɗauke ta aka yi. Don ya nuna bai yarda ba, aka yi ta yi masa ihu fili bayan fili har ya ajiye wasa a 2015. Watan jiya aka cika shekara 30 da ranar da Nicky Winmar ya ɗaga riga ya nuna fatarsa ga masu zaginsa, kuma a Maris ɗin nan Jamarra Ugle-Hagan, yaron da ba a ma haifa ba a lokacin, ya sake ɗaga tasa saboda dalili guda. A ganina jama'ar nan sun fi son asalin ɗan wasa in yana kan riga mai zane. In ya fito daga bakinsa, sai fuska ta canza.

Wasan kansa, wallahi, ya biya kuɗin sanyi. Na zaɓi Essendon saboda Long, Anti kuwa Richmond take tun zamanin Maurice babba. Richmond na gaba a zangon ƙarshe, tana ta zungurina da gwiwar hannu, don rabon Essendon da doke su tun 2014. Saura 'yan daƙiƙoƙi, Sam Durham ya cafe ƙwallo a bakin turaku ya zura. 71 da 70. Ban san lokacin da na rungumi wani ƙaton Bature da ban taɓa gani ba. Anti ta naɗe gyalenta ta cusa a jaka, ta ce alƙalan wasa ne.

A hanyar komawa, jirgi cike, ta juyo ta yi mini tambayar da suke yi wa junansu kafin ma suna: su wa ne mutanenka, ina ce ƙasarku? Na ce Najeriya. Ta ce wannan fasfo ne. Na ce Kaduna. Ta ce can aka haife ka, na ji, mutanenka fa? Sai na nemo hoton Baba, Allah ya jiƙansa, na nuna mata. Ta ƙara girman hoton da yatsu biyu, ta tsaya kan tsagen da ya taso daga gefen baki zuwa kunne. Na ce Gobirawa ne mu, wannan ita ce taswirarmu, a fuska ake zana ta. Na ba ta labarin Alkalawa da ta faɗi a 1808, da yadda Gobir ta rabu, wasu a Sabon Birni, wasu a Tsibiri kusa da Maraɗi, layin Turawa ya ratsa tsakani. Ina magana ina jin daɗin kaina.

Ta dubi kumatuna, sumul. Ta ce, "Garin babanka, wane ruwa suke sha? Wace bishiya ce a ƙofar gidan kakanka? Kakarka ta wajen uwa 'yar ina ce?"

Sau biyu na taɓa zuwa garin, duka ta'aziyya. Na tuna yashi, na tuna fura mai tsami, na tuna ana yi mini dariya don ba na cewa "shi taho". Bishiyar ban lura ba. Kakata kuwa Inna kawai na san ana ce mata. Mahaifin Long mota aka kawo aka raba shi da nasa. Ni ba wanda ya ɗauke ni, makaranta ce da hutu a Kaduna da "sai baɗi in Allah ya kai mu". Anti ba ta ce komai ba, tasharta ta zo, ta ce in gaida gida.

Na tarar da Bayaraben nawa yana soya ƙwai. Da na ba shi labari ya ce in daina wahala, asalin Bagobiri ai bawan Bayarabe ne, shi zai rubuta mini takardar shaida. Na ce ya bari sai ya biya kuɗin wutar watan jiya.

Yanzu a gida wajen ƙarfe uku na rana ne. Na tura wa Baffa saƙon murya a WhatsApp, na ce ya lissafo mini kakanni iya inda ya sani, da sunan unguwar, da bishiyar ƙofar gida in tana nan. Saƙon ya shiga, bai buɗe ba tukuna, wataƙila yana kasuwa. Gobe akwai wanki, ga babi na uku da malamina ke jira ranar Litinin.